Mu mata biyu ne a Ingila, muna neman haihuwa: maniyyin aboki ko na ma'ajiyar asibiti?

Tauraruwar Asuba:

Barkanku da warhaka. Ni da abokiyar rayuwata muna zaune a arewacin Ingila, shekararmu shida tare, amma ba mu yi rajistar aure ba. Shekaruna 36, ita kuma 31. Na san hukuncin malamai a kan haihuwa da maniyyin wanda ba miji ba, na kuma san yadda mutanen gida suke kallon irin zamanmu, saboda haka ba fatawa na zo nema ba, shawarar waɗanda suka bi wannan hanya nake so.

Likitan unguwarmu ya shaida mana cewa hukumar lafiya ta yankinmu ba za ta ɗauki nauyin IVF (haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa a mahaifa) ba sai mun yi IUI (zuba maniyyi kai tsaye cikin mahaifa) sau shida da kuɗin aljihunmu bai kama ba. Da muka je asibitin kuɗi aka buɗe mana jerin masu bayar da maniyyi, sai muka tarar baƙar fata ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ana cikin haka wani abokinmu ɗan Ghana ya ce zai taimaka, a yi abin a gida da sirinji ba tare da an kashe ko kwabo ba. Zuciyata ta karkata ga tayinsa, domin ina son yaron ya yi kama da mu, sai dai jinina AS ne, kuma ban san matsayin abokiyata a wurin doka ba idan aka yi haka. Me kuke gani?

Maman Tagwaye:

'Yar'uwa, tun da ba ku yi rajista ba, ki cire batun sirinji a gida daga ranki. A dokar Birtaniya wadda ta haifi yaro ita ce uwarsa, wannan babu jayayya. Amma idan mace ba ta da aure ko rajistar zaman tare, kuma ta ɗauki ciki a gida, mai maniyyin shi ne uba a wurin hukuma, ko da kun rubuta yarjejeniya kun sa hannu gaban shaidu. Yana iya neman haƙƙinsa a kotu, ana iya bin sa kuɗin ciyarwa, abokiyarki kuwa sai ta bi doguwar hanyar neman riƙon yaron da ita ta yi wa jego. Mutum yana iya zama na kirki yau, amma ba ki san abin da zai ji ranar da ya ga hancinsa a fuskar jariri ba, balle idan mahaifiyarsa ta ji cewa tana da jika.

Wannan ba yana nufin ku rabu da abokin naku ba. Ku kai shi asibitin da ke da lasisin HFEA, hukumar da ke sa ido a kan asibitocin neman haihuwa, ya bayar a can. Za a yi masa gwaje-gwaje, a daskarar da maniyyin na wasu watanni, a sake gwada jininsa, sannan a yi amfani da shi, kuma ta wannan hanya ba shi da matsayin uba ko kaɗan. Tun 2009 doka ta yarda mata biyu su shiga takardar haihuwa ɗaya, amma ga waɗanda ba su yi aure ba sharaɗin shi ne a cike takardu biyu na amincewa ta zama mahaifiya ta biyu, WP naki da PP nata, kafin a sa maniyyin. Ina nanata kalmar kafin. Mu ranar da za a yi mana, ina kwance a gado da rigar asibiti, abokiyata ta tambayi ma'aikaciyar ko takardarta tana cikin fayil, aka duba aka ga babu. Sai da aka ɗauko sabuwa ta cike a tsaye, a kan teburin da ake ajiye safar hannu. Ku karɓi kwafi ku adana a gida.

Malamar Jinya:

Na goyi bayan Maman Tagwaye, zan ƙara da ɓangaren lafiya. Tun da jininki AS ne, gwajin farko da za a yi wa abokin naku shi ne na genotype, kuma kada ku tsaya a kan abin da ya faɗa da baki. Idan shi ma AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar mai sikila. A Ghana kuma akwai masu AC da dama, haɗuwarsa da AS tana iya haifar da SC, wanda shi ma ciwo ne mai wahalarwa.

Na biyu, kada ki biya kuɗin IUI ko sau ɗaya sai an duba hanyoyin ƙwanki an tabbatar a buɗe suke, domin a IUI tace maniyyi kawai ake yi a zuba shi cikin mahaifa da siririn bututu a lokacin da ƙwai ya fito, sauran tafiyar jiki ne yake yi da kansa. Idan hanya a toshe take, an zubar da kuɗi. A yi miki hoton mahaifa kuma, saboda ƙari a mahaifa (fibroid) ya fi yawa a cikin mata baƙar fata, sannan a yi gwajin AMH a ga yawan ƙwan da ya rage. A shekara 36 lokaci yana da tsada, domin ingancin ƙwai yana raguwa da sauri bayan 35, kuma zagaye shida na IUI yakan cinye kusan shekara idan aka haɗa da watannin da ake tsallakewa. Gwamnati ta yi alkawari a 2022 cewa za a cire wa mata irinku sharaɗin biya da kansu, amma kowane yanki da nasa tsari, don haka ki nemi na yankinku a rubuce.

Akwai kuma wata hanya da ba ki ambata ba, wato a ɗebi ƙwan abokiyarki mai shekara 31, a haɗa da maniyyin, a dasa a mahaifarki. Ita ce za ta sha allurai na kimanin kwana goma zuwa sha biyu, ke ki ɗauki cikin. Idan jininta AA ne, damuwar sikila ta kau, sai dai yawanci da kuɗinku za ku yi.

Baban Yasmin:

Ni namiji ne, kuma ra'ayina a kan asalin lamarin daban yake, amma kin ce ba shi kika tambaya ba. Abu biyu kawai zan faɗa. Tun 2005 babu sauran ɓoye sunan mai bayarwa a Birtaniya, yaro yana cika shekara 18 yana da ikon neman sunansa da adireshinsa na ƙarshe, ko da daga Amurka ko Denmak aka shigo da maniyyin. A wurinmu kuwa tambayar "ɗan wane ne?" tana zuwa tun ranar suna, don haka ku shirya amsarku ga yaron tun yana ƙarami. Na biyu, idan kuna da niyyar kai shi Najeriya, ku tuna da dokar 2014 wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi ɗaya. Takardar haihuwa mai sunan mata biyu ba abin da za a miƙa a kowane ofishi ba ne, ku ga lauya kafin ku nemi fasfo.

Tauraruwar Asuba:

Na gode muku duka. Mun zauna da abokin namu daren jiya, na karanta masa abin da Maman Tagwaye ta rubuta. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce gaskiya bai taɓa tunanin abin da zai gaya wa mahaifiyarsa ba, kuma ya fi son a bi ta asibiti. Ya ce a makarantar sakandare aka gaya masa jininsa AA ne, amma ba shi da takarda, don haka zai je gwaji ranar Talata. Ni kuma an ba ni ranar duba hanyoyin ƙwai bayan al'adata ta gaba. Malamar Jinya, idan ƙwan abokiyata za a yi amfani da shi, shin takardar PP ɗin nan har yanzu sai ta cike, ko jini ya wadatar?

Malamar Jinya:

Sai ta cike. Doka ba ta duba mai ƙwai, mai naƙuda take dubawa, saboda haka ke ce uwa, ita kuma takardar ce za ta sa sunanta kusa da naki.