Neman shawara: tabar Kyuba ta ƙi fitowa daidai a zanen bangon littafi

Mai tambaya, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. An ba ni aikin bangon wani littafin hikaya: mugun attajiri zaune, riƙe da tabar nan mai kauri irin ta Kyuba. Da Midjourney nake aiki, manhajar AI mai zana hoto daga bayanin da aka rubuta mata, amma kullum sai ta fito siririya da soso a gindi kamar sigari, hayaƙi na tashi ta inda bai kamata ba, yatsu kuma shida. Don Allah a taimaka.

Amsa daga Argungu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, na'urar ta fi sabawa da hoton sigari, shi ya sa take jan ka can. Sai ka siffanta mata abin dalla-dalla. Wannan taba ganye ce zalla: na ciki, wanda ya ɗaure shi, sai lafiyayyen ganye ruwan ƙasa da aka naɗe ta da shi a karkace, jijiyoyinsa na ɗan fitowa. Ba a naɗe ta da takarda ba, ba ta da soso. Rubuta sunan girman, robusto: tsawo inci 5, kauri kusan santimita 2, wato kamar babban yatsa. Zoben takarda na ado da ake sa mata yana kusa da ɓangaren baki, wuta tana ɗaya ƙarshen. Toka ruwan toka mai haske, a dunƙule, kamar santimita 2. Hayaƙi kuma ba ya fitowa sosai sai in abin da ke bayan mutumin a hoton ya yi duhu, haske ya bugo daga gefe ko daga baya.

Amsa daga Jega: Malam ya gama magana a kan siffa. Yatsu kuwa, kada ka sake hoton gaba ɗaya, fuskar da ka samu za ta canza. Zagaye hannun kaɗai ka sa a sake zana gurbin. In ya ƙi, ɗauki hoton hannu riƙe da alƙalamin allo mai kauri tsakanin manuniya da babban yatsa, ka ba Stable Diffusion, wata manhajar zane ta daban, ta hanyar ControlNet, ƙarin da ke sa ta bin tsarin hoton da ka ba ta, zai bi tsarin yatsun. Zoben ka bar shi ba rubutu, don haruffan banza take zubawa. Bangon A5 (rabin takardar A4) a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, yana son ɗigon hoto (pixel) 1748 a faɗi da 2480 a tsawo, ka ƙara milimita 3 kowane gefe saboda yanka.

Amsa daga Yawuri: Ɗan'uwa, a kula da abu ɗaya. Dokar taba ta 2015 ta hana tallar taba a Najeriya, Facebook ma ba ya karɓar tallarta, don haka kada sunan kamfani ko tambarinsa ya fito a zoben. Kuma matasa ne za su riƙe littafin nan. Tunda mugu ne a labarin, kada hayaƙin ya ƙawata shi: rage ƙyallin hasken, leɓɓa su yi duhu, tokar ta zubo masa a kan babbar riga.