Ziyarar miji mai cutar mantuwa a gidan kula da tsofaffi

Wata hajiya daga Nima a Accra ta kai maigidanta mai cutar mantuwa ta Alzheimer gidan kula da tsofaffi na mako 2 don ta huta, sannan ta tambayi matan da suke zaman karatu tare ko ya dace ta riƙa zuwa kullum.

Yawancinsu sun ce kada ta yi haka, domin wadda take shiga trotro, wato motar haya, kowace safiya ba hutawa take yi ba, kuma yawan sallama yana tayar wa marar lafiya hankali. Wasu sun kawo batun surutun mutanen zango, cewa za a ce ta yar da mijinta, amma a ganina wannan ba hujja ba ce.

Inda aka fi daɗewa shi ne yadda ziyarar za ta kasance. An ce ta je da hantsi, saboda rikicewar masu wannan cuta takan ƙaru da yamma. Kada ta tambaye shi, "Alhaji, ka gane ni?" Ta faɗi sunanta, ta zauna kusa da shi, ta miƙa masa carbinsa da kokon da ya saba sha da ƙosai. Idan ya ce zai tafi gida, kada ta yi masa gardama, ta ja shi da hirar gidan nasu.

Lokacin tafiya kuwa, ta bari sai an kawo abinci, ma'aikaciya ta zauna da shi, sannan ta fita ba tare da doguwar sallama ba.