Shirya ƙaramar manhajar taimakon Git domin shiga ma'ajiyar Debian

Auwalu:
Assalamu alaikum. Ina so in shirya wata ƙaramar manhaja da aka rubuta da Python, wadda ke share rassan Git (manhajar adana tarihin sauye-sauyen fayiloli) da aka riga aka haɗe, domin ta shiga ma'ajiyar manhajojin Debian, wani nau'in Linux. Matsalar ita ce gwaje-gwajenta suna tafiya lafiya a kwamfutata, amma suna faɗuwa idan na gina ƙunshin da sbuild, manhajar da ke gina ƙunshin Debian a keɓantaccen muhalli. Mene ne dalili, kuma ta ina ya kamata in fara?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Galibi dalilin shi ne gwaje-gwajen suna ƙirƙirar sabuwar ma'ajiyar Git su yi commit (wato su adana sauyi a cikinta), alhali a cikin sbuild babu fayil ɗin .gitconfig da ke ɗauke da sunanka da imel, don haka Git yake ƙin aikin. Ka saka GIT_AUTHOR_NAME, GIT_AUTHOR_EMAIL, GIT_COMMITTER_NAME da GIT_COMMITTER_EMAIL a cikin debian/rules, fayil ɗin da ke bayyana yadda za a gina ƙunshin. Kada ka manta da git a Build-Depends (jerin abubuwan da ake buƙata wajen gini), domin Depends (jerin abubuwan da manhajar ke buƙata wajen aiki) kaɗai bai wadatar ba a lokacin gini.

Bashir:
Ƙari a kan bayanin Malama, ka sanya wa umarnin suna da ya fara da git-, ka ajiye shi a /usr/bin, saboda Git da kansa yake gano irin waɗannan umarnai. Tunda Python zalla ce, Architecture (nau'in kwamfutar da ƙunshin zai yi aiki a kai) ya zama all, wato kowane nau'i. Kafin komai kuwa, ka shigar da ITP (sanarwar niyyar shirya ƙunshi) ta manhajar reportbug, kada wani ya maimaita aikinka.

Auwalu:
Na gode ƙwarai. Zan gyara, in duba da lintian, manhajar gano kurakurai a ƙunshin Debian, sannan in ɗora a mentors.debian.net in nemi wanda zai ɗauki nauyin shigarwa.