Neman kalma: me za mu kira "draft" na zari-rugar Amurka?

Salamu alaikum jama'a. Masu fassara labarin wasanni da masu hana ido barci saboda NFL, babbar gasar zari-rugar Amurka, ku matso kusa. Duk watan Afrilu sai maganar "draft" ta cika intanet, amma har yau ba mu da tsayayyar kalma a kanta. Wasu su bar ta yadda take, wasu su jefa ta cikin manhajar fassara ta dawo musu da "daftari". Daftarin kasafin kuɗi mun san shi, daftarin tsarin mulki ma haka. Amma a ce Chicago Bears za ta yi daftarin ɗan wasa? Wannan ba Hausa ba ce. Kafin a raɗa suna dai, bari a ga jaririn.

Ƙungiyoyi 32 ne a NFL, kuma ba sa renon yara tun suna ƙanana irin yadda ƙungiyoyin Turai ke yi. Jami'o'i ne ke reno. Yaro ba ya cancanta sai ya yi shekara uku da gama sakandare. A ƙarshen Afrilu sai a zauna kwana uku, Alhamis zuwa Asabar, a yi zagaye bakwai, kowace ƙungiya ta kira sunan wanda take so idan layi ya zo kanta. Wadda ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke farawa, wadda ta ci Super Bowl, wato wasan ƙarshe na lashe kofin gasar, ita ce ta ƙarshe. Bert Bell na Philadelphia Eagles ne ya kawo shawarar a 1935, don ya gaji da ganin masu hannu da shuni suna kwashe gwanaye suna bar masa ragowa, aka fara a 1936. Shi kuwa yaron ba shi da ta cewa. Duk wadda ta kira sunansa ita kaɗai ke da ikon ƙulla yarjejeniya da shi, sai fa in ya yi taurin kai irin na Eli Manning, wanda ya ƙi San Diego a 2004 har aka yi musayarsa zuwa New York Giants a ranar.

Kalmomin da na ga ana jarrabawa uku ne. Akwai "zaɓe". Ma'ana ta yi daidai, amma ka ce wa Bahaushe "gobe ranar zaɓe ce a Amurka" ka ga inda hankalinsa zai tafi: rumfa, akwati, dangwala yatsa. Akwai "ƙuri'a", ita kuwa kuskure ce kai tsaye, don babu sa'a a jerin NFL, sakamakon bara ne ke tsara shi. A ajiye ƙuri'a don ƙwallon kwando, su ne tun 1985 suke jefa ta kafin a san mai farawa. Sai "saye", wanda muka saba da shi a ƙwallon ƙafa. Nan ba a biyan jami'a ko sisi, ba a ciniki da ita, don haka babu saye.

Tawa shawarar ita ce ɗiba. Muna cewa ana ɗibar soja, ana ɗibar 'yan sanda, ana ɗibar ma'aikata. Kalmar tana ɗauke da abubuwan da muke nema: taro ne na masu jira, lokaci ne ƙayyadadde, kuma mai ɗiba ke da iko ba wanda aka ɗiba ba. Su kansu Amurkawa da wannan kalmar tasu suke kiran ɗibar soja ta dole, irin wadda Muhammad Ali ya ƙi amsawa a 1967. Ka ga ashe hanyar da suka bi ita muka bi. Sabon ɗan wasan da aka ɗiba kuma sunansa kurtu, jam'i kurata, mun riga mun mallaki wannan tun zamanin bariki. Cikakken suna ke nan: ɗibar kuratan NFL. A cikin labari in an faɗa sau ɗaya, "ɗiba" kawai ta wadatar.

Inda aikin yake shi ne abin da suke kira "pick". Ba ɗan wasan kaɗai ake nufi ba, har da gurbin da ƙungiya ke da shi a layi, kuma gurbin nan dukiya ne, ana sayar da shi, ana musayarsa, har na baɗi da na baɗin baɗaɗa. A nan sai na tuna adashe. Kowa ya san mai ɗaukar farko da mai ɗaukar ƙarshe, kowa kuma ya san wadda biki ya taso mata takan je wurin mai ɗaukar wannan wata ta ce ki ba ni taki, ki karɓi tawa. To ita ce wannan, sai dai a NFL mai neman gaba sai ya yi ciko mai tsoka. Don haka: ɗauka. Ɗauka ta 1, ɗauka ta 32, ɗaukar zagaye na biyu. Roger Goodell, shugaban NFL, wanda ke fitowa ya karanta sunaye 'yan kallo suna masa ihu, shi ne uwar adashe, amma wannan kada kowa ya sa a labari.

Ku gwada kalmomin a kan labari na gaske ku ji ko sun zauna a baki. A Maris 2023 Bears ce ke da ɗauka ta 1. Tana da kwatabak, wato mai jefa ƙwallo kuma jagoran hari, Justin Fields, kuma ba ta gama yanke ƙauna da shi ba. Sai ta sayar wa Carolina Panthers ɗaukar, ta karɓi DJ Moore, da ɗauka ta 9, da ta 61, da ɗaukar zagayen farko ta 2024, da ta zagaye na biyu ta 2025. Panthers ta ɗauki Bryce Young, ta shiga kaka ta ci wasa 2 ta sha kashi 15. Da ta zama kurar baya, ɗauka ta 1 ta 2024 ta faɗo mata, alhali ta riga ta sayar. Bears ta sa hannu ta ɗauki Caleb Williams da ita, sannan ta ɗauki Rome Odunze, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, da tata ta 9. Babu inda na buƙaci Turanci a wannan labarin in ban da sunaye.

Sai kuma sana'ar da ta fi ɗibar kanta surutu, "mock draft". Wani ɗan'uwa ya ce a kira ta ɗibar gwaji, tunda muna da jarrabawar gwaji kafin ta fita sakandare. Yaya, na fahimci inda ka dosa, amma ban bi ka ba. Jarrabawar gwaji ɗalibin da zai zauna ta gaske shi ke yin ta. Wannan kuwa 'yan jarida da 'yan kallo ne ke zaune a waje suna faɗin abin da suke jin ƙungiya za ta yi. Mel Kiper ya fara fitowa a tashar wasanni ta ESPN yana wannan aiki tun 1984, kuma bai taɓa ɗaukar ko mutum ɗaya ba. Kalmar da ta dace ita ce hasashe, kamar na masu duba yanayi: hasashen ɗiba. Na so "kirdado" ko "kintace", amma su na wanda ba shi da madogara ne, alhali mai hasashen kirki yana da abin da yake dubawa.

Me yake dubawa? Ba wai wane yaro ya fi iya wasa ba, wannan kusan kowa ya yarda a kai. Yana duba abin da ƙungiya ta yi a watan Maris, lokacin da kasuwar tsofaffin 'yan wasa ke ci: wa ta sallama, wa ta kawo, kwantiragin wa ya kusa ƙarewa. Ranar da Bears ta tura Fields zuwa Pittsburgh a Maris 2024, hasashen ɗauka ta 1 ya ƙare, ko yaro ya san kwatabak za a ɗauka. Yana duba waɗanda aka gayyato ziyara, don kowace ƙungiya an ba ta damar kiran mutum 30 zuwa gidanta. Yana kuma duba halin mai yanke shawara, wanda a ganina shi ya fi komai. Los Angeles Rams daga Jared Goff a 2016 ba ta sake ɗauka a zagayen farko ba sai 2024, tana ta sayar da ɗaukarta tana karɓar gogaggu. Green Bay Packers kuwa daga 2002 ba ta ɗauki mai cafe ƙwallo na gefe a zagayen farko ba sai 2025, lokacin da aka yi ɗibar a garinta ta kira Matthew Golden a ɗauka ta 23. Shekara da shekaru masu hasashe suna rubuta mata mai cafe ƙwallo saboda shi take buƙata, ita kuma tana yin abin da ta saba.

Daga nan ne muka samu mazhabobi biyu da su ma suke son suna. Masu cewa a ɗauki wanda ya fi kowa cikin waɗanda suka rage, ko ana da irinsa a gida, mu ce musu masu ɗaukar gwani. Masu cewa a duba inda rauni yake, mu ce masu cike giɓi. Yawancin hasashe a kan cike giɓi ake gina shi don shi ne mai sauƙin lissafi, shi ya sa yake rushewa. Atlanta Falcons ta ba Kirk Cousins kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 180 a Maris 2024, kowa ya ce to giɓin kwatabak ya cike, za ta nemi mai tsaron baya. Da layi ya zo kanta a ɗauka ta 8 sai ta kira Michael Penix, wani kwatabak ɗin. Ga kuma ɓad da sawu, inda shugaban ƙungiya zai yi ta yabon yaron da ba ya so don na bayansa su ruɗe.

Hajiya da ta tambaya ko sai mun ƙirƙiro kalma don "bust" da "steal": ranki ya daɗe, ba sai mun wahala ba, kakanni sun gama mana. Wanda aka ɗauka da wuri ana zuzuta shi ya zo bai tsinana komai ba, an yi wa rogo kallon kitse. Wanda aka samu can ƙasa ya zama gwarzo, an tsinci dami a kala, kuma babu damin da ya kai Tom Brady, ɗauka ta 199 a 2000, mai kofin Super Bowl bakwai. Wanda aka yi hasashen zai tafi da wuri ya kwana yana jira, irin Shedeur Sanders da ya kai har ɗauka ta 144 a 2025, mu ce ya zame.

Na ƙarshe a ɗiba gaba ɗaya suna masa laƙabin tsokana mai nufin wanda ba a damu da shi ba. Ni na fi son mu ce autan ɗiba, ya fi ladabi, kuma Brock Purdy, autan 2022 a ɗauka ta 262, ya kai San Francisco 49ers wasan Super Bowl a Fabrairun 2024.

Saura guda da ban gamsu da tawa ba: taron da ake yi a Indianapolis wajen ƙarshen Fabrairu, inda ake auna tsawo da nauyin kurata, a sa su gudun yadi 40, likitoci su duba gwiwa da kafaɗa. Na rubuta "tantancewa", amma ba a korar kowa a wurin. Na rubuta "baje koli", sai na ji kamar ana maganar atamfa. Malaman da ke Zariya da Damagaram, ku kawo taku.