Gyara Tsofaffin Maɗauran Allon Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara

Maɗaurai su ne ke riƙe takalmi a kan allon zamiya. Masu gogewa da suka tattauna yadda ake gyara tsofaffinsu sun yi ittifaki cewa a fara duba ramukan notin da ake kafa su a jikin allon, domin tsofaffin allunan kamfanin Burton ramuka uku suke da su, yawancin sauran kuwa huɗu, da tazarar santimita 4. Maɗauran da ake takawa su kulle da kansu, irin su K2 Clicker na shekarun 1990, ba sa karɓar kowane takalmi sai nasu. Idan irin waɗanda ake ɗaurewa da bel ne, a daidaita takalmin a tsakiya yadda yatsu da dunduniya za su fito daidai a gefuna biyu na allon. Babban abin damuwa shi ne tsohuwar robar maɗauran, wadda sanyi kan fasa. Duk wadda ta tsage a canza ta.