Ina za mu kai yara su ga dusar ƙanƙara, Åre ko Trysil?

Maman Hanifa (Manchester): Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema. Tun da 'yan ajinsu suka je wasan zamiya a kan ƙanƙara bara, yaran nan ba su da zance sai shi, har Baban Hanifa ya ce in bincika. Mu biyar ne, ni da shi da yara uku, masu shekara 11 da 8 da 5, kuma ba wanda ya taɓa ɗaura katakon nan a ƙafa cikinmu. Hankalina ya fi kwanciya da Suwidin ko Norwe. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya taimaka: wane wuri, wane wata, kuma me za mu ci?

Baban Sadik (Stockholm): Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai Åre zan ce. Can ne babban wurin wasan a Suwidin, a lardin Jämtland, ƙarƙashin dutsen Åreskutan mai tsayin mita 1,420. Sau uku ana gasar duniya a can, 1954 da 2007 da 2019. Abin da ya fi burge ni shi ne jirgin ƙasa yana ajiye mutum a tsakiyar garin. Daga Stockholm kusan awa bakwai ne da rana, akwai kuma na dare mai gadaje, ku kwanta a birni ku farka cikin duwatsu. Yarana har yau jirgin nan suke tunawa. Ku nemi masauki a ɓangaren Björnen, an yi shi ne don iyali da masu koyo.

Anti Rabi (Oslo): Baban Sadik, ban ƙi ta taka ba, amma ka dubi tafiyar. Daga Manchester zuwa Stockholm, sannan awa bakwai da yarinya 'yar shekara biyar da akwatuna cike da kayan sanyi? Ƙanwata, ki duba Trysil. Shi ne mafi girma a Norwe, bas yana ɗaukar mutum daga bakin filin jirgin Gardermoen na Oslo, awa biyu da rabi zuwa uku kun isa. Dutse ɗaya ne, hanyoyin zamiya sun zagaye shi, gangarensa shimfiɗaɗɗe mai faɗi. Åre gari ne na 'yan gayu da masu shagalin dare, saman dutsen ma iska takan sa a rufe shi. Mai koyo ba ya bukatar inda zakarun duniya suke fafatawa.

Baban Sadik: Gaskiya ne maganar iska, Anti. Amma Björnen cikin itatuwa yake, ba ruwansa da hayaniyar tsakiyar gari. Kamfani ɗaya ne ma yake riƙe da wuraren biyu, SkiStar, tsarin darasin yara duk iri ɗaya ne.

Maman Hanifa: Na gode. Mun yi tunanin hutun ƙarshen Disamba, tunda makarantu a rufe suke.

Anti Rabi: A'a, kada ki fara da Disamba. Duhu ne. A Åre ƙarshen shekara rana ba ta fitowa sai wajen goma saura, kafin biyu da rabi ta faɗi. Trysil ya ɗan fi, amma ba da yawa ba. Suna kunna fitilu a wasu hanyoyin, sai dai yaron da yake koyo yana bukatar ya ga gabansa sosai, ga sanyin Janairu da kan sauka digiri 20 ƙasa da sifiri. Maris shi ne watan. Ƙanƙara ta taru, rana ta dawo, a ƙarshen watan yini ya wuce awa 12. Har zama ake yi a waje ana shan shayi.

Malam Habu (Malmö): Ina goyon bayan Anti Rabi, in ƙara da lissafin makonni, domin mutanen nan da lambar mako suke magana. Hutun wasanni na makarantun Suwidin, wanda suke kira sportlov, yana faɗowa tsakanin mako na 7 da na 10, kowane yanki da nasa. Na Stockholm mako na 9 ne. Na Norwe galibi mako na 8 da na 9. A waɗannan makonnin masauki yana tsada, layi yana tsawo. Haka makon Ista, musamman a Norwe, inda kusan kowa yake haura dutse. In kuka sami mako na 11 ko 12, wato wajen tsakiyar Maris, kun dace. Sai dai ku dubi kalandar Musulunci tukuna, 'yan shekarun nan azumi yana zagayowa ne a Fabrairu da Maris, kuma wasan nan yana cin ƙarfi fiye da yadda ake zato.

Maman Hanifa: Allah ya saka Malam, wallahi ban kawo maganar azumi a raina ba.

Malam Habu: Amin. Sallah ma ku shirya mata. In rana gajera ce, Azahar da La'asar da Magariba kusa da juna suke zuwa. Ku matafiya ne, kuna da sauƙin kasaru. Abin da ya fi taimaka mana shi ne masaukin da ake fita daga ƙofarsa kai tsaye a hau hanyar zamiya. Da rana sai a zame a dawo gida, a yi alwala da ruwan ɗumi, a yi sallah, a ci abinci, a koma. Ya ɗan fi tsada, amma ya raba ku da neman lungu a gidan abinci kuna sanye da takalman nan masu nauyi.

Hajiya Kaka (Hamburg): 'Yata, kafin a ci gaba, cikin yaran akwai mai sikila?

Maman Hanifa: Babu, Mama. An gwada su duka, biyu AA, ɗaya AS.

Hajiya Kaka: Alhamdulillahi. Na tambaya ne saboda shekaru na yi ina aikin jinya, kuma mu ne masu wannan ciwo, masu shirya irin wannan tafiya ba sa tuna shi. Sanyi mai tsanani da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon. Duk wanda yake karanta wannan yana da yaro SS ko SC, kada ya sayi tikiti sai ya zauna da likitansa. Ko masu lafiya a dinga tura musu ruwa, domin a sanyi yaro ba ya jin ƙishi alhali yana zufa a cikin kaya. Sannan ki tafi da man kaɗanya. Iskar can ta fi ta hunturun gida busar da fata, leɓe da kumatu suna tsagewa. Man shafawa mai ruwa-ruwa ba ya yi a fuska in za a fita, mai maiƙo ake so. Safe da dare ki shafe su.

Abba (Uppsala): Mama ta gama magana. Ni ɗalibi ne, bari in faɗi inda kuɗi ke tafiya. Kada ku sayi katako da takalmi da sanduna, haya ake yi, har da hular kwano. Ku yi rajista ta intanet tun kuna gida, da tsayi da nauyi da lambar takalmin kowa, ya fi araha. Abin saye shi ne na jiki: na ciki ya zama ulu, sai rigar ɗumi, sai ta waje mai tare iska da ruwa. Ban da auduga ko kaɗan, tana shan zufa ta yi sanyi a jiki. Safa guda ɗaya ta ulu ta isa, in aka ninka biyu takalmi ya matse ƙafa sanyi ya fi shiga. Safar hannu irin wadda yatsu huɗu suke haɗe ta fi ɗumi ga yara, a riƙe ta biyu.

Anti Rabi: Hijabi kuwa, ki sami hular ulu mai rufe kai da wuya ki sa ƙarƙashin hular kwano, rigar waje ki zaɓi mai tsawo. Kada ki bar gyale yana reto, yana iya sarƙewa a kujerar da ke hawa da mutane. Kuma ki shiga darasi ke ma, kada ki tsaya riƙon jaka. Na fara ina da shekara 43, kwana uku ina kan koriyar hanya, ranar huɗu na sauko shuɗiya da 'yata a gefena. Ban taɓa jin irin wannan farin cikin ba tun zuwana ƙasar nan.

Baban Sadik: Launukan ke nan Hajiya: kore na masu koyo, shuɗi mai sauƙi, ja na waɗanda suka iya, baƙi na gwanaye. A gaya wa Alhaji kada ya bi abokai zuwa ja a makon farko. Wani ɗan uwanmu haka ya yi, jijiyar gwiwa ta tsinke, sai a lokacin ya gane inshorar da ya saya ba ta ɗauki wasan ƙanƙara ba. Wadda ake nema don bizar Schengen ta Yuro 30,000 ce, amma a karanta a tabbatar an rubuta wasannin hunturu a ciki. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai, amma bizar Schengen tana shiga.

Maman Hanifa: Saura abinci, shi ya fi damuna.

Anti Rabi: Gidan katako mai kicin za ku kama, ba otal ba. Naman halal da wuya ki samu a kan dutse. In kun biyo ta cikin Oslo, unguwar Grønland cike take da mahauta Musulmi. Ki lura, daga Ingila ba a shigowa da nama yadda aka ga dama, kada ki ɗauko kilishi a ƙwace. Yaji da garin kuka da shinkafa ba matsala. Kifi kuwa ga shi nan a kowane kanti, Kiwi ko Coop ko Rema 1000. A jikin kaya ki kula da kalmar svin, a Suwidin kuma fläsk ko gris, duk alade ne, har alawar yara a duba gelatin, sinadarin da sau da yawa daga alade ake yin sa. Manyan kantunan Norwe galibi a rufe suke ranar Lahadi, ki yi cefane tun Asabar. Kuɗinsu kurona ne, amma kati kowa yake karɓa.

Abba: Kuma kada a yi hayar mota in ba a saba tuƙi kan ƙanƙara ba. Ga santsi, ga duhu, ga manyan namun daji suna tsallaka titi. Waya a sa ta a aljihun ciki, sanyi yana shanye batir.

Malam Habu: In kun ɗauki rana ɗaya ta hutu, ku kai yara su ga barewar da mutanen Sami suke kiwo. Makiyaya ne masu bin dabbobinsu daga mashekari zuwa mashekari, ni dai Fulaninmu suka tuna mini. Wannan a wajen Åre ya fi samuwa, ga kuma magangarar ruwa ta Tännforsen da ke daskarewa, kusa da Duved.

Maman Hanifa: Na karanta wa Baban Hanifa duka. Ya ce bana Trysil saboda kusancin hanya, mako na 12 in makaranta ta ba da izini, in ba haka ba satin da ke bayan Ista. Baban Sadik, jirgin daren nan yana ranmu, sai ƙaramar ta ƙara wayo. Anti Rabi, zan biyo ki ta waya kan ɓangaren da ya fi dacewa mu sauka.

Anti Rabi: Turistsenteret, can makarantar yara take kusa. Ki fara kama musu gurbin darasi kafin masauki, shi yake saurin cikewa. Kira ni bayan Isha.