Tsuntsun Fadamar Laminga: Shin Gwara Ce?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Yau kwana uku ke nan da na sa hoton tsuntsun da na gani yana kiwo a cikin ciyawa wajen Laminga, kusa da Jos, amma babu wanda ya tanka a wannan zaure, alhali da maganar siyasa ce da tuni wurin ya cika. Ƙirjinsa rawaya ne da baƙin zane kamar sarƙar wuya, bayansa ruwan ƙasa, farcen yatsansa na baya kuwa ya yi tsawo ƙwarai. Zatona tsuntsun da masana ke kira Macronyx croceus ne, ba wata gwara ba.

Dattijo: Ɗana, wannan "wata gwara" da ka ce akwai raini a cikinta. Tun muna yara muna ɗana tarko a bakin gona, duk ƙaramin tsuntsu mai ruwan ƙasa gwara muke kiransa, kuma ba mu taɓa neman sunan Turawa ba.

Bakatsine: Baba, a gafarce ni, amma a wurinmu gwara ita ce mai sheƙa a rufin ɗaki, mai tsintar tsaba a gindin turmi. Wanda ya haɗa ta da tsuntsun daji, Hausarsa ta birni ce.

Dattijo: Wa kake cewa ɗan birni? Na noma gero kafin a haife ka.

Malama: Ku yi haƙuri, sunan na Latin ne, ba Turanci ba. Gwara tsalle take yi da ƙafa biyu, bakinta kuma gajere ne mai kauri don fasa ƙwaya. Shi wannan takawa yake yi ƙafa bayan ƙafa, da siririn baki na kama fara da ƙwari, kuma tsawonsa ya kai santimita 20.

Wani daga Maraɗi: Malama, Latin da Turanci ai duk kanwar ja ce. Mu dai mai cinye mana gero jan-baki ne, shi ya kamata a tattauna.

Mai tambaya: Jama'a, ko akwai wanda ya buɗe hoton kuwa?

Shugaban zaure: An rufe muhawara. Abin da ya tabbata shi ne, gwara tsuntsuwar gida ce, kamar yadda ɗan'uwana Bakatsine ya bayyana da hujja, sauran kuwa ra'ayi ne. Mai tambaya ya kai hotonsa cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke can Laminga.